Da Sauƙi, In Ji Baba Andrawus

Talata, 8 ga Afrilu, da yamma

Kai da wannan rubutu zai faɗa hannunka, in tambaye ka mana: tun da aka haife ka, ka taɓa jin an ce wa tsoho "ya jiki" ya ce babu sauƙi? Ko ƙafarsa ɗaya na cikin kabari, "da sauƙi" zai ce maka, ya ɗora da tambayar iyalinka. Kai ka sani, ni Caleb mai jan keke Napep na sani, kowa a Minna ya sani. To wa ya ce wa asibiti wannan amsar shaidar warkewa ce?

Jiya aka yi wa kakana Baba Andrawus aikin ƙaba. Yau ga mu a gida, Maikunkele. Kwana ɗaya tal.

Baba na fama da gigin tsufa tun shekarar da muka baro ƙauyenmu na bayan Kuta. Dalilin barowar ba zan rubuta ba, duk ɗan Shiroro ya san shi. Baba bai san garin da yake ba. Ni Isaiah yake kira na, sunan ƙanensa da ya mutu tun ba a haife ni ba. Amma gaisuwa? Ita kaɗai cutar ta bar masa, ba ta taɓa ko gefenta ba. Da likita ya zo zagayen safe, Baba ya gyara zama, ya ce da sauƙi, ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi mutanen gida, har da ya zafin gari. Likitan ya yi dariya ya ce wa nas ɗin wannan tsohon ai ya fi shi lafiya.

Na buɗe baki zan ce mutumin nan bai ma san an yanka cikinsa ba, sai Kawu David, yayan Mama, ya taka min ƙafa da takalminsa na ofis. Da muka fito ya ce ba a tona asirin uba a gaban idonsa, balle gaban baƙi, kuma yaro ba ya tsoma baki manya na tsaye. Shekarata ashirin da shida. Yaro.

Aka tura ni karɓo magani. Kawu ya tafi neman mota, Mama na waje tana naɗe tabarma. A wannan tsakanin nas ta yi bayanin komai, abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Wa ta yi wa? Baba. Da na dawo ta ce ta yi masa bayani, ya ce ya gane sarai. Na tambaye shi me ta ce masa. Ya ce yarinyar nan akwai tarbiyya, 'yar gidan wa ce?

Na bi ta a guje. Tana tafiya tana jefo min magana ta kafaɗa: kada ya ɗaga abu mai nauyi, kada ruwa ya taɓa ɗinkin, a dawo da shi bayan sati biyu. Na roƙe ta a bar shi ko kwana biyu ne ya ƙara. Ta tsaya, ta nuna min baranda, mutane kwance a tabarmi an rataye musu ledar ƙarin ruwa a ƙusar taga.

"Zaɓa min wanda zan ce wa ya ci gaba da kwanciya a ƙasa."

Kafin mu kai ƙofa an kwantar da wani a gadon, zanin ma ba a canja ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Ya farka ya ga filasta a mararsa, ya tambaye ni wa ya soke shi. Na yi masa bayani. Ya ce to, Allah ya saka wa likitan. Na juya in ɗauko kunu, na dawo na tarar ya ɓare rabin filastar yana tambaya wa ya soke shi.

Haka muka wuni. Kowane karo sabon labari ne a wurinsa, kowane karo sabon tsoro. Ni ne nake gajiya da maimaici, shi kuwa kullum karon farko ne.

Kafin asibiti ya san hanyar bayan gida, ya san Mama 'yarsa ce, yakan ce mata Magdalene. Yau ya kira ta "mai abinci". Ta ajiye kwanon ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Na duba a waya. Ni a Littafi Mai Tsarki na Hausa da tsofaffin jaridun da Mama ke naɗe ƙosai da su na koyi karatun kirki, Turancina na tsince-tsince ne, amma na gane abin da na karanta: masu irin cutarsa ruɗewarsu kan ƙaru bayan tiyata, kuma lokacin ne suka fi bukatar ido a kansu. Na karanta cewa a wasu wuraren ma ana gaggawar sallamar marasa lafiya, amma ana bin su gida a duba su. Mu nan wa ya biyo mu? Ƙuda.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da rana

Ban fita da keke ba. Mai keken ya kira, ban ɗauka ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

Kawu David ya zo da lemon kwalba da burodi, kaftaninsa ya sha guga har yana ƙara. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa tsaf, ya tambaye shi aiki, ya sa masa albarka. Kawu ya waiwayo ya kalle ni, ya ce na gani ko, ni ne mai zuzuta abu, karatun waya ya cika min kai.

Na ce masa gaisuwar minti biyu kowa ma zai iya, ya zo ya zauna wuni guda ya riƙe hannun da ke neman ɗinki. Na ce shi Baba na Asabar ya sani, mu ke da na Litinin zuwa Juma'a. Na faɗi wasu abubuwan kuma. Ya ce wa Mama ta yi sake da tarbiyyata. Mama ta ce in ba shi haƙuri. Na ba shi, irin haƙurin da ake ba ɗan sanda a kan titi.

Bayan ya tafi Baba ya ce, "Isaiah, baƙon nan mai kirki ne. Daga wane gari?"

Na so a ce Kawu bai kai bakin titi ba tukuna.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan an tashi daga coci

Zumuntar mata sun zo dubiya, sun cika tsakar gida da zannuwansu iri ɗaya, suka yi waƙa, suka yi addu'a. Kowacce sai ta leƙa ta ce ya jiki, shi kuma da sauƙi, da sauƙi, kamar mai raba goro. Suka fita suna cewa kai, Baba ya ji sauƙi, an gode Allah.

Sai ya leƙo ya ga taron. Fuskarsa ta washe irin yadda ban gani ba tun ƙauye. Ya ɗauka gayya ce aka tara masa. Ya fara ba da umarni: a dama wa ma'aikata kunu, a fara da gonar bakin rafi kafin rana ta yi zafi, ina garmarsa? Matan suka bushe da dariya, wata ta ce manomi dai manomi ne.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ndaceko, mai gidan da muke haya, tsohon Banufe ɗan Bida da ke zama da Baba a ƙarƙashin mangwaro suna hirar da ba mai gane ta sai su. Ya ja ni gefe ya ce in ɗauke garmar nan daga ɗakin.

Garmar ita kaɗai Baba ya ɗauko ranar da muka baro gida. Wasu sun ɗauki katifa, wasu akuya, shi ita ya saɓa a kafaɗa. Tana ƙarƙashin gadonsa, kullum sai ya miƙa hannu ya taɓa ta kafin ya kwanta.

Na ɓoye ta bayan duron ruwa.

Litinin, 14 ga Afrilu, da magariba

Ya laluba bai ji ta ba. Ya ƙi cin abinci, ya zauna yana kuka ba sauti, hawaye na bin gemunsa. Mama ta kira Kawu a waya. Kawu ya ce a gidanmu ba a fitar da garmar mutum daga ɗakinsa sai ranar da aka fitar da shi, ko fata nake yi wa ubansu? Mama ta mayar da ita da hannunta. Ya shafa ƙotar, ya cinye tuwonsa tas.

Na ce mata za mu yi da-na-sani. Ta ce in gaya mata wanne ya fi, ya mutu da yunwa? Wannan watan kowa sai ya rufe min baki.

Talata, 15 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka da asuba. Duk garin ƙamshin ƙasa.

Mai keken ya ce in ban fita yau ba zai ba wani. Ranar ruwa ranar fasinja ce. Baba na barci. Mama ta ce za ta soya ƙosanta a bakin titi ta riƙa leƙowa.

Ina unguwar Limawa da fasinja Ndaceko ya kira.

Tuli uku Baba ya yi a tsakar gida, irin na doya, a jere, kansu a mulmule kamar an auna da igiya. Mutumin da bai san sunan 'yarsa ba. Na huɗun bai ƙarasa ba.

Abin da na gani a gefen na huɗun ba zan rubuta ba. Ndaceko ya tuɓe babbar rigarsa ya danne wurin da ita, a haka muka sa shi a keke. Farar riga ce.

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

Sun sake ɗinkewa. Wani likitan ne daban, saurayi, idanunsa jajur kamar bai ga gado ba tun makon jiya. Ya hau mu da faɗa: ba a gaya mana kada ya ɗaga abu mai nauyi ba? Wane irin mutane ne mu, za mu ba tsoho garma?

Yau babu takalmi a kan ƙafata. Na gaya masa duka. Na ce an gaya wa wanda ba ya riƙe magana daga ɗaki zuwa ƙofa. Na ce ya tambayi Baba yau wace rana, wane gari, wace ce matar nan da ke tsaye. Ya tambaya. Baba ya ce muna Kuta, gobe kasuwa, matar kuma bai san ta ba amma da alama mutuniyar kirki ce.

Likitan ya ce me ya hana mu faɗa tun farko. Na ce me ya hana su tambaya tun farko. Mama na jan rigata.

Na ɗauka yanzu da suka sani za su riƙe shi. Ya ce gaskiya ko sun riƙe shi ba su da mai zama a kansa, nas biyu ne a ɗakin gaba ɗaya, a gida zai fi samun kulawa. Ya faɗe ta a hankali, ba ya kallona. Kwana ɗaya, aka sake sallamar mu.

Da za mu fita, don sabo, ya ce, "Baba, ya jikin?"

Ka san amsar.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da safe

Garmar na ɗakin Ndaceko. Yanzu ba wanda ya yi zancen al'ada. Baba ya ce ni Isaiah na sace ta, tun muna yara ni ɓarawo ne, ya tsine min da yarenmu. Na ce na gode.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da la'asar

Yau ake tuna ranar da aka gicciye Yesu. Ba mu je coci ba.

Hannunsa ba ya barin wurin. Ka riƙe na dama, na hagu ya tafi. Ka juya ka sha ruwa, ka tarar da bandeji a ƙasa, farcensa da sauran ƙasar huɗa a ciki. Mun sa masa dogon wando mun ɗaure tsantsan, ya kwance. Mun sa masa safa a hannu, ya cire da haƙori. Mama ta yi waƙar coci, ta yi roƙo, ta yi tsawa, ta yi kuka.

An ɗaure hannuwansa a jikin gado da ɗankwalin Mama guda biyu.

Ƙulli ne mai kyau, irin wanda ake yi wa buhun doya a bayan keke. Ba ya kwancewa, ba ya cin fata.

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, ya kalli hannun, ya kalle ni.

"Isaiah, me na sata?"

Can Ndaceko ya yi sallama ya shigo. Ya ga abin da ya gani. Ya zauna a bakin gado ya ce, abokina, ya jiki. Baba ya yi ƙoƙarin miƙa masa hannu, ɗankwalin ya tsayar da shi. Ya ce da sauƙi, ya iyali.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na wanke hannu da omo har sau nawa. Har yanzu ƙamshin man kan Mama nake ji a jikinsa.

Lahadi, 20 ga Afrilu, Ista, da rana

Ana jin gangunan coci daga nan. Kawu David ya zo da shinkafa a kula. Ya shiga ɗakin, ya fito kamar an watsa masa ruwan zafi. Wa ya ɗaure masa uba kamar akuyar kasuwa? Yana tambaya yana kallona.

Mama ta ce, "Ni ce, Yaya."

Ta faɗa ba ta ko ƙifta ido ba. Ni ina kallon tulin doya.

Ya kwance shi da kansa, yana cewa Baba yi haƙuri, Baba yi haƙuri. Ya zauna kusa da shi. Ba a jima ba hannun ya nufi inda ya saba. Kawu ya riƙe. Ɗayan ya tafi, ya riƙe shi ma. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon babban ma'aikacin gwamnati riƙe da wuyan hannun ubansa, zufa na jiƙa kaftanin Ista, Baba na tambayarsa cikin ladabi ko shi ɗan sanda ne. Shinkafa ta huce. Rana ta karkata. Kawu ya gaji tiɓis.

Daga baya, murya ƙasa-ƙasa, ya tambayi Mama ina ɗankwalin.

Bai iya ƙullin ba. Aka nuna masa.

Na shirya maganganu da yawa domin wannan ranar. Ko ɗaya ban faɗa ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Zazzaɓi. Jikinsa kamar murhu. Wurin ya kumbura, yana ruwa, ɗakin ya canja wari. Mai kemis ɗin unguwa ya zo ya wanke, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Baba ya daina neman garma. Ya daina jan hannu. Mama ta kwance ɗankwalin ta ce ai ba amfani.

Ranar da suka ce mu koma bayan ɗinki na biyu ba ta ma yi ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da yamma

Yanzu akwai gado a asibitin.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Nas ɗin farko ce ke aiki. Ta gane ni, na gane ta. Ta duba ledar ruwan, ta sunkuya ta ce, Baba, ya jiki.

Bai amsa ba.

Ta fita ta dawo da kujera ta ba Mama. Ban gode mata ba, ban kuma zage ta ba. A baranda mutane na nan kwance, wasu sababbi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Sun ba mu bargonsa a leda.

Alhamis, 1 ga Mayu, da yamma

A nan Maikunkele aka binne shi. Ya sha cewa kusa da mahaifinsa yake so, amma hanyar ƙauye ba ta biyuwa.

Kawu ya tashi a gaban jama'a ya ce bayan gajeriyar rashin lafiya. Gajeriya. Fasto ya ce lokaci ne ya yi. Mutane suka yi layi suna ce mana ya haƙuri, muna cewa da godiya. Ina jin bakina yana faɗa. Ashe ni ma na iya. Haka za mu yi ta gaisawa lafiya lau har mu ƙare.

Da aka watse Ndaceko ya fito da garmar ya ba Kawu, don shi ne babba. Kawu ya juya ta a hannu, ya miƙo min bai kalle ni ba. Na karɓa ban kalle shi ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, da rana

Na je asibitin neman shugabansu. Yana taro. Na koma. Ya tafi Abuja. Wani mai taye ya ce in yi haƙuri, in rubuto ƙorafina a takarda.

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Ashe tun muna asibiti Ndaceko ya sa irin doya a tulin nan uku, ya rufa musu ciyawa a ka. Bai gaya wa kowa ba. Yau na ga sun tsiro, dukansu. Ya ce huɗar kirki ba a barin ta haka. Na huɗun yana nan rabi, ruwa na cinye shi kaɗan kaɗan. Mama ta ce in ƙarasa shi ko in baje. Ban yi ko ɗaya ba.

Ba zan rubuta takarda a sa a durowa ba. Ba na son a kira ni ofis a ba ni ruwan sanyi. Nas ɗin ta tambaye ni wa za ta bari a ƙasa, ban da amsa, kuma ba ni ya kamata in amsa ba, ba ita ba ce kuma. Akwai wanda ya yanke cewa kwana ɗaya ya isa. Akwai wanda ya san gadajen ba su kai ba, ya ga hanyar da ta fi sauƙi ita ce a riƙa juya mutane kamar masa a tanda. Shi nake nema.

Ya zo gidan rediyo, a buɗe layin waya, ya yi magana da Hausar da Mama za ta ji. Ya gaya wa mutanen Minna: in kun sallami tsohon da bai san sunan 'yarsa ba, a hannun wa kuke sa shi? Wa kuke tambaya kafin ku ce ya warke? Wa ke biyo shi gida? In amsar ita ce ɗankwali biyu da jikansa, ya faɗa da bakinsa kowa ya ji, don masu tsofaffi a gida su fara koyon ƙulli tun yanzu.

Kawu David ma ya tashi a cocin da ya ce gajeriya, ya faɗi tsawonta.

Ina jira. Kuma in kun zo, kada ku fara da gaisuwa.